Darasi Na 7: Mutum Huɗu, Tabarma Ɗaya

Karatu: Markus 2:1-12, Galatiyawa 6:1-5

Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2

Manufa: Mu gane cewa wanda ƙwaya ta kama ba ya iya kai kansa wurin taimako, mu kuma koyi abin da gida, ikilisiya, unguwa da asibiti za su yi tare domin kada a rasa rai.

Gabatarwa

A karatunmu na yau Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, jama'a sun cika har bakin ƙofa. A garin akwai wani shanyayye. Ko da ya ji labarin Mai Warkarwa ya zo, ƙafafunsa ba za su kai shi ba. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi a kan shimfiɗarsa. Da suka rasa hanyar shiga, suka hau soro, suka buɗe rufin, suka zura shi har gaban Ubangiji. Markus ya nuna mana cewa bangaskiyar masu ɗaukar nan ce Yesu ya duba.

A Gaya da Ajingi a yau akwai shanyayyu masu tafiya da ƙafafunsu. Suna zuwa gona, suna tuƙa acaɓa, suna lodi a kasuwa, waɗansu ma suna zama tare da mu ranar Lahadi. Ƙwaya ta shanye musu ikon cewa a'a. Irin wannan mutum yana bukatar masu ɗauka, kuma tabarma kusurwa huɗu gare ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

1. Mu san abin da muke fuskanta

Ƙwayoyin da darasin nan yake magana a kai dangi ɗaya ne, likitoci suna kiransu ofiyod. A cikinsu akwai tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, da kodin da ke cikin waɗansu magungunan tari, da allurar fentazosin da akan yi wa mai tsananin ciwo, da tafentadol. Asalinsu magani ne na kashe zafin ciwo, kuma a hannun likita alheri ne ga wanda aka yi wa tiyata ko mai sikila da ciwo ya tasar wa. Masifa tana farawa ne idan aka sha ba da umarnin likita ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 irin waɗannan magunguna na ciwo suka sha. A Jihar Kano kuwa adadin ya kai kashi 16 cikin 100, wato fiye da mutum miliyan ɗaya. Binciken ya kuma nuna cewa cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. Saboda haka maganar ta shafi 'yan mata da matan aure kamar yadda ta shafi samari.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙari. A watan Mayu na 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC da aka ɗauki wani sashensa a Kano, Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2024 aka tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Gari zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro, a kan hanyar Zariya, domin a iya sa ido a kan abin da ake sayarwa. Duk da haka, in an toshe wannan kafa sai wata ta ɓulle. A Fabrairun 2025 wani rahoton BBC ya bankaɗo ƙwayoyin da ake haɗawa a Indiya da tafentadol da wani magani mai sassauta jijiyoyi, ana shigo da su Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Doka tana iya tsare tashar jirgin ruwa da babbar kasuwa, amma ba ta kwana a ɗakin ɗanka. Wannan gadin namu ne.

Mu kuma lura da ƙofar da abin yake shigowa a karkara irin tamu. Da yawa ba don neman maye suka fara ba. Ɗan ƙwadago yana so ya yi huɗa daga safe har la'asar bai gaji ba. Mai acaɓa yana so ya kai dare a hanyar Wudil. Saurayi ya tafi ci-rani Kano ko Legas, abokan aiki suka ba shi "maganin gajiya". Mace tana fama da ciwon baya ko damuwar gida, ƙawa ta miƙa mata kwalba. Wani kuma ɗan siyasa ne ya fara saya masa a lokacin zaɓe. Idan mun san ƙofar, za mu san inda za mu tsaya.

2. Yadda ƙwaya take kama mutum, da yadda take kashewa

Jiki yana sabawa da irin wannan magani. Ƙwaya ɗaya da ta yi aiki a watan jiya ba za ta yi a wannan wata ba, sai an ƙara. Hukumar NAFDAC ta amince ne da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, likita kuma ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haye iyakar yini ɗaya.

Ranar da mutum ya rasa, jiki sai ya yi bore: ciwon gaɓoɓi, zawo, gumi, hamma, majina, rashin barci da fargaba. A wannan mataki yana sha ne don ya iya tashi tsaye. Shi ya sa faɗa da duka ba sa raba shi da ita. Manzo Bulus ya bayyana irin wannan yaƙi a Romawa 7:15-25, inda mutum yake aikata abin da shi kansa ya ƙi.

Yadda take kashewa kuwa shi ne ta hanyar numfashi. Waɗannan magunguna suna danne sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mu numfasa. Numfashi ya riƙa raguwa a hankali har ya tsaya, mutanen gida kuma suna tsammani barci yake yi. Tiramol yana da ƙarin haɗari, domin yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗarin ya fi tsanani a hali uku. Na farko, idan aka haɗa da giya, burkutu, roci, baliyam ko wani maganin barci. Na biyu, idan mutum ya sha shi kaɗai a ɗaki ya kulle ƙofa. Na uku, wanda mutane da yawa ba su sani ba, idan ya daina na ɗan lokaci sa'an nan ya koma. Wanda ya fito daga gidan yari, ko asibiti, ko ya yi makonni yana azumi da addu'a ya bari, jikinsa ya manta da yawan da ya saba. In ya sha irin na dā, yana iya mutuwa a ranar. Don haka makonnin farko bayan ɗan'uwa ya ba da shaidar kuɓuta su ne lokacin da ya fi bukatar a riƙe shi kusa.

3. Kusurwa ta farko: gida

Rigakafi ya fi magani, kuma a gida yake farawa. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora wa iyaye koyar da 'ya'ya a zaune da tafe, da kwanciya da tashi. Ku yi wa yara maganar ƙwaya tun suna firamare, da sunanta, kafin aboki ya riga ku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk maganin ciwo mai ƙarfi da likita ya rubuta a kulle shi a akwati. Idan mai jinya ya warke, a mayar da ragowar asibiti, kada a ajiye don wata rana, kada kuma a ba maƙwabci don ya ce ciwonsa irin naka ne. A daina sayen magani a faranti ko a kwali a rana tsaka a kasuwa. A daina aiken yara kemis su sayo "na ciwon jiki" ba tare da sanin sunansa ba.

Iyaye su lura da alamu: gyangyaɗi da rana, yawan susa, ramewa, saurin fushi, ɓacewar kuɗi ko hatsi, fankon ƙwaya a aljihu, sababbin abokai da ba a kawo su gida. In kun gani, ku zauna da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku yi magana da sanyin murya. Kora daga gida tana miƙa shi ne ga masu sayarwa. Ɓoyewa kuma don gudun abin kunya ita ce take sa a tsinci gawa a ɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

4. Kusurwa ta biyu: ikilisiya

Kafin Yesu ya ce wa shanyayyen ya tashi, sai da ya kira shi ɗansa. Mu tambayi kanmu da wane suna muke kiran mashayi. In "ɗan ƙwaya" ne sunansa a bakinmu, ba zai taɓa zuwa ya faɗa mana damuwarsa ba. Galatiyawa 6:1 ta umarci masu ruhaniya su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, suna lura da kansu.

Ga abin da kowace majami'a za ta iya yi, komai ƙanƙantarta. A zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙe asiri, a cikinsu har da mace daga zumuntar mata, a sanar da jama'a cewa duk mai wannan damuwa zai iya zuwa wurinsu. Abin da aka faɗa musu kada ya zama batun addu'a a bainar jama'a sai da yardar mai shi. Duk wanda ya fara fita daga shaye-shaye a haɗa shi da ɗan'uwa guda da zai riƙa dubo shi kullum, ya raka shi asibiti, ya san inda yake da yamma. Zumuntar matasa ta cika lokacin rani da abin yi: ƙwallo, koyon kiɗa, ɗinki, gyaran waya, noman rani, kiwon kaji. A ware wani abu daga baiko don kuɗin mota da magani. In akwai nas ko jami'in lafiya a cikinmu, a ba shi minti 15 bayan sujada ya koya wa kowa abin da ke sashe na 7 na darasin nan.

Mun gaskata da ikon sunan Yesu na karya kowace sarƙa, kuma za mu ci gaba da addu'ar kuɓutarwa. Amma mu yi hankali da abu biyu. Kada a ce wa mutum zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Basamariyen nan na Luka 10 ya zuba mai a rauni, ya ɗaure, ya kai majinyaci masauki, ya biya kuɗi, Yesu kuma ya ce mu yi koyi da shi. Luka da kansa likita ne, kamar yadda Kolosiyawa 4:14 ta nuna. Abu na biyu, ba a ɗaure mutum da mari ko a yi masa bulala da sunan fitar da aljani. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, kuma an sami irin wannan ɗauri a waɗansu gidajen addu'a na Kirista a ƙasar nan. Mutumin Garasinawa na Markus 5 an sha ɗaure shi da sarƙa, bai warke ba sai da ya sadu da Mai jinƙai.

5. Kusurwa ta uku: unguwa

Mai sayar da ƙwaya ba ya tambayar addinin mai saye. Yaron da yake sha a Kademi ko Toranke, abokansa Kirista ne da Musulmi, wurin mutum ɗaya suke saye. Irmiya 29:7 ta ce wa mutanen Allah su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, domin lafiyarsu tana cikin tasa. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, ba kuwa za mu iya wannan aiki mu kaɗai ba. Idan gemun maƙwabcinka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ka kuma ɗauki guga ka taya shi kashewa.

Fasto da dattawa su je wurin mai unguwa da dagaci cikin ladabi, su nemi a zauna tare da liman, shugaban makaranta, shugabannin 'yan acaɓa da direbobi, masu kemis da 'yan sintiri. A irin wannan zama ana iya cimma abubuwa masu sauƙi. Masu kemis su yi alkawarin ba za su sayar da tiramol ba sai da takardar likita. Sarkin kasuwa ya hana tallan magani a faranti. Masu gona su daina ɗaukar ƙwaya a matsayin wani ɓangare na ladan ƙwadago. Kada a sami mai bi da zai saya wa ma'aikatansa ƙwaya ko ya jefa musu a shayi don aiki ya yi sauri. Habakuk 2:15 ta yi kashedi mai tsanani ga mai shayar da maƙwabcinsa abin maye. Matasanmu kuma su ƙi karɓar ƙwaya daga hannun kowane ɗan takara.

Dillalin da ya ƙi ji a kai rahotonsa ga hukumar NDLEA ta hannun shugabannin gari. Kada a ɗauki doka a hannu, kada a ƙone shago, kada a yi wa kowa dukan taro. Mu bambanta tsakanin mai cin riba da jinin yara da yaron da aka kama a tarko. Na farko hukuma ce maganinsa, na biyu jinya yake bukata.

6. Kusurwa ta huɗu: asibiti

Wanda ya daɗe yana sha kada a tilasta masa yankewa dare ɗaya a gida. Likita yana da hanyar rage masa a hankali da kuma magance ciwon da ya kai shi ga sha tun farko. A fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Hukumar NDLEA tana da lambar kira kyauta, 0800 1020 3040, inda ake ba da shawara dare da rana. Komawa ruwa bayan an fara jinya abu ne da yake faruwa ga da yawa. In ya faru a sake ɗaukar tabarma.

Akwai kuma wani magani mai suna nalokson da ke warware aikin waɗannan ƙwayoyi a jiki, ya dawo da numfashi cikin 'yan mintoci. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samar da shi ga mutanen da za su iya tarar da wanda ya sha fiye da kima. Wakilanmu su tambayi kwamitin lafiya na mazaɓa da shugaban asibiti ko akwai shi a ajiye, in babu su roƙa a kawo. Mutanen nan huɗu da suka ga ƙofa a toshe ba su koma gida ba.

7. Idan ka tarar da mutum ya faɗi

Alamu uku ne manya: ba ya farkawa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai ko yana minshari mai kama da kakari. Mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ka ƙirga bai kai 10 ba, ko leɓɓansa da faratansa sun koma toka-toka, rai yana cikin haɗari.

Kira sunansa da ƙarfi, ka murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunka. In bai motsa ba, tura wani ya nemo mota ko adaidaita nan take. In yana numfashi, kwantar da shi a gefensa, kai ya ɗan karkata, don kada amai ya shaƙe shi. In numfashi ya tsaya ko ya kusa, kwantar da shi rigingine, ɗaga haɓarsa, toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki sau ɗaya kowace daƙiƙa 5. In yana jijjiga, kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada ka cusa masa cokali a baki.

Kada a ɗura masa madara, manja, ruwan gishiri ko man shafewa, domin zai tafi huhu. Kada a sheƙa masa ruwa a bar shi. Kada a ce bari ya yi barci ya wartsake. A tafi da fankon abin da ya sha, a faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiya. Ko an yi masa nalokson ya farfaɗo, ya zauna a asibiti, gama ƙarfin nalokson yakan ƙare kafin na ƙwayar. Yi addu'a da bakinka, hannunka yana aiki, motar tana tafiya.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya sa Markus ya ambaci bangaskiyar masu ɗauka? Me wannan yake koya mana game da wanda ba shi da ƙarfin neman taimako?
2. Wace kusurwa ce ta fi rauni a wurinmu: gida, ikilisiya, unguwa ko asibiti?
3. Me ya sa wanda ya daina sha ya fi shiga haɗari in ya koma? Yaya za mu tsare shi?
4. Wa za mu kira da tsakar dare in ana bukatar mota? A rubuta sunansa da lambarsa yau, a manna a bangon majami'a.

Kammalawa

Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana sunayen mutanen nan huɗu ba, bai ce su malamai ne ko masu kuɗi ba. Kowannensu ya kama kusurwarsa bai saki ba har suka kai. Warkarwa ta Yesu ce, ɗauka tamu ce. Kafin ka bar ajin nan, ka sa sunan mutum ɗaya a zuciyarka, ka kuma yanke shawarar abin da za ka yi dominsa a wannan mako. In kuwa kai ne kake kwance a tabarmar, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ba a makara ba. Ka sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawa yau. Za a ji ka a asirce, za a kuma raka ka.

Batutuwan addu'a

1. Ya Uba, ka gafarta mana inda muka yi wa raunana dariya ko muka kau da kai, cikin sunan Yesu.
2. Kowace sarƙar ƙwaya a kan 'ya'yanmu maza da mata, ta karye cikin sunan Yesu.
3. Ya Ruhu Mai Tsarki, ka ba iyaye ido mai gani da harshe mai taushi.
4. Ya Ubangiji, ka ba sarakunanmu, ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro na Gaya da Ajingi hikima da riƙon amana.
5. Ka taɓa zukatan masu sayarwa su tuba, ka buɗe musu hanyar abinci mai tsarki.
6. Ka riƙe waɗanda suka fara fita, kada ƙafarsu ta zame. Amin.

Karatun mako

Litinin: Farawa 4:1-12. Talata: Karin Magana 24:10-12. Laraba: Luka 10:25-37. Alhamis: Romawa 7:14-25. Jumma'a: 1 Korintiyawa 6:12-20. Asabar: Yakubu 5:13-20.